Mai Shiga Gidan Kaneng Ranar Lahadi

Da hantsin Litinin Sufeto Ɗayyabu ya shigo caji ofis, ya tarar da wata mata a kan bencin gaban kantar karɓar ƙara ta rungume filo a ƙirjinta. An tsarge filon da wuƙa daga sama har ƙasa, auduga duk ta zazzago. Wata yarinya 'yar firamare tana manne da ita, idanunta sun yi ja don rashin barci.

Saje Abdulkahar, mai kula da kantar, yana can yana fama da ƙosai a takarda, ko a jikinsa.

"Saje, wannan fa?"

"Madam Kaneng ce, Yallaɓai, daga Limawa. Wai ana shiga mata gida. Amma an gama da maganar, tun jiya muka kamo kafintan da ta ambata, yana sel."

Sufeto ya juya wajen matar. "Tun yaushe ake shigar, Madam?"

"Tun kafin azumi, Yallaɓai. Ni har na gaji da zuwa wurin nan." Muryarta a dashe take. "Farkon zuwana, na ce na dawo daga coci na tarar an juya kujeruna sun fuskanci bango. Wannan bawan Allah ya ce an saci wani abu? Na ce a'a. An fasa ƙofa? Na ce a'a. Ya ce to in je in yi addu'a. Da aka zuba min toka a gado na dawo, ya ce ƙila aljanu ne, ba su da sel ɗin aljanu."

Saje ya fara murmushi, ya dubi fuskar Sufeto, murmushin ya koma inda ya fito.

"Jiya kuma?"

"Jiya wuƙa na tarar a soke a filon Hephzibah." Ta dafa kan yarinyar, wadda a unguwa ake kira Zibba. "An kuma cire hoton mijina daga bango. Yallaɓai, ni da marigayi muka gina gidan nan bulo da bulo. Amma Asabar mota za ta zo, zan tashi. Ba zan zauna a yanka min 'ya ba."

Sufeto Ɗayyabu ba mai yawan faɗa ba ne, amma ranar ransa ya ɓaci sosai. Mace ta yi ta sintiri tana cewa tana jin tsoro a cikin gidanta, an tsaya jiran sai an ga jini kafin a ɗaga biro. Ya ce wa Saje, a hankali yadda matar ba za ta ji ba, "Zan dawo kanka. Ƙarasa ƙosanka tukuna, kada ya huce."

Gidan yana ƙarshen wani lungu, ƙarami mai jar ƙofar ƙarfe. Tsakar gida cike yake da katan-katan da buhunan kaya. Wani dogon mutum mai furfura kaɗan a gemu yana ɗaure katifa da igiya. Da ya ga kaki sai ya saki igiyar ya taho da sauri.

"Sannu da zuwa, Oga. Sunana Elnathan. Ni da marigayi Bot, mijin Madam, ƙauyenmu ɗaya a Filato, tare muka zo Dutse neman aiki. Ni ne shugaban masu tsaron ƙofa a cocinmu."

"Kai ka ba ta shawarar tashi?"

"Me zan ce mata, Oga? Mutanen lungun nan sun nuna ba sa son ta. Ina da ɗakuna biyu a gidana babu kowa, na ce ta zo ta zauna cikin 'yan'uwa kafin Allah ya kawo mafita."

Sufeto ya juya. Ya koma bakin ƙofa ya ɗaga kwaɗon ya jujjuya. Sabo ne fil, babu ko ƙwarzane. Ya zagaya ya dubi katanga, kwalaben da aka dasa a samanta suna nan lafiya lau. Tagogi duk da ƙarfe. Ƙofar falo ma ba a taɓa ta da ƙarfi ba.

"Madam, kin taɓa canza kwaɗon nan?"

"Wannan ne na uku. Duk Sagiru ne ya sayo ya sa min, har da mukullin falo. Ɗan maƙwabciyata ne, Inna Lauratu."

"Shi ya sa kika ambace shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Baban Sophia ne ya ce in ba wanda ya sa kwaɗo ba, wa zai buɗe shi?" Ta nuna Elnathan. Da sunan 'yarsa ta fari take kiransa.

A falo, talabijin na nan, injin ɗinki na nan, har wata tsohuwar waya a kan tebur. Sai dai wani fili mai kusurwa huɗu a bango inda fenti ya fi haske, da ƙusa tsirara a samansa. Sufeto ya daɗe yana kallon wurin. Ɓarawo ya bar talabijin ya ɗauki hoton mamaci. Maƙwabcin da ke son korar mutum kuwa, me hoton miji ya tsare masa?

"Mukullanki, ina kike ajiye su idan kin tafi coci?"

"A jakata, Yallaɓai. Ba na rabuwa da su. Sauran kuma na kulle su a durowata ta ofis."

Suna fitowa sai ga wata dattijuwa a ƙofar gidan da ke kallon na Kaneng, ta yafa mayafi, tana riƙe da kwanon abinci da za ta kai wa ɗanta sel. Inna Lauratu ce. Kaneng ta kau da kai, ita ma dattijuwar ta kau da nata. Sufeto ya rusuna ya gaishe ta.

"Inna, gidanku na kallon wannan. Ba ki taɓa ganin mai shiga ba ranar Lahadi?"

Dattijuwar ta dubi Kaneng, ta dubi yarinyar, sannan ta dubi ƙasa. "Ban ga kowa ba, ɗan nan."

Amsar ta zo da sauri fiye da kima. Sufeto ya yi mata godiya ya wuce.

Aka fito da Sagiru daga sel. Magidancin saurayi ne mai kaurin hannu, garin katako har yanzu a gashin kansa.

"Jiya da safe kana ina?"

"Ina shago, Yallaɓai."

"Na biyo ta shagon naka yanzu. Mai walda na kusa da kai ya ce tun Asabar da yamma bai ga ka buɗe ba."

Sagiru ya shiga sosa ƙeya.

"Malam Sagiru, wuƙa aka soke a filon yarinya. Wannan ba maganar beli ba ce. Ka zaɓa, ko gaskiya ko kotu."

"Aujara na je." Ya faɗa kamar mai haɗiye magani. "Wajen wata yarinya, Fiddausi. Inna ba ta sani ba tukuna, akwai wadda take so in nema. Duk Lahadi can nake wuni. Ka kira wanta, yana da kanti a bakin tasha."

Sufeto ya kira a gabansa. Wan yarinyar ya ce ai Sagiru ya zame musu kamar kujerar soro, jiya ma sai bayan la'asar ya tafi.

"Ka gwammace kwanan sel da faɗan Inna ke nan?"

"Yallaɓai ba ka san Inna ba ne." Sai kuma fuskarsa ta canza. "Amma Maman Zibba ta ce ni? Ni na kai mijinta asibiti a bayan babur ranar da ya faɗi. Ko kuɗin sa kwaɗon ban karɓa ba."

"Tsoro ne ya ce kai, ba ita ba. Jira ni, zan dawo."

Bayan azahar Sufeto ya koma lungun shi kaɗai, ba da motar ofis ba. Ya yi sallama a gidan Inna Lauratu, aka shimfiɗa masa tabarma a soro. Dattijuwar ta zauna daga bakin ƙofar ciki.

"Inna, ɗazu a gaban maƙwabciyarki na tambaye ki. Yanzu babu kowa sai ni da ke. Ɗanki yana sel."

Ta gyara mayafinta, ta rage murya.

"Ɗan nan, mace ce da mijinta ya rasu, kuma ba ta tsufa ba. Idan na ga namiji ya zo ya sa mukulli ya buɗe ƙofarta ba ɗar, me zan ɗauka? Na ce manemi ne ta ba shi mukulli, ba ta shirya faɗa ba. Ni kuwa ba za a ji mutuwar mutuncinta a bakina ba. Ko ɗazu, ta yaya zan faɗa a gaban 'yarta?"

"Da aka fara cewa ana shiga gidan fa?"

"Wa ya gaya min? Da, ko gishiri ne ya ƙare mata nan take shigowa. Sai kawai ta ɗauke ƙafa, in na gaishe ta ta amsa da ƙyar. Sai jiya da aka zo aka tafi da Sagiru na ji wai shiga ake yi." Ta share ido da bakin mayafi. "Na kwana ina juyi. In faɗa in tona mata asiri, in yi shiru ɗana ya tafi gidan yari."

"Kin ga fuskarsa?"

"Yana sa takunkumi da hular hana-sallah. A babur yake zuwa, ya ajiye shi can bakin lungu ya tako. Ba ya daɗewa. Sai dai akwai wani abu baƙi da yake sokewa a bayan wandonsa, mai faɗin kai kamar muciya."

"Bindiga?"

"Haba, na san bindiga. Wannan roba ce."

Sufeto ya miƙe. "Kafin magariba Sagiru zai dawo gida, Inna. Amma abin da kika gaya min, ya tsaya a soron nan."

Ranar Laraba da yamma akwai taron addu'a a cocin su Kaneng. Sufeto ya je da sunan duba tsaro, kamar yadda 'yan sanda kan yi lokaci-lokaci. Tun daga nesa ya hangi layin mata a bakin ƙofa. Kowacce ta iso sai ta ciro Littafi Mai Tsarki da kuɗin baiko, ta miƙa jakarta, a jera a kan wani dogon tebur a ƙarƙashin rumfa. Elnathan na tsaye yana shafa wa maza na'urar binciken ƙarfe a jiki, baƙa mai faɗin kai. Da ya gama da mutum sai ya soke ta a bayan wandonsa.

Sufeto ya tuna muciyar da Inna Lauratu ta kwatanta, amma ya saki fuska.

"Aiki ya yi kyau, Malam Elnathan. Jaka ba ta shiga ke nan?"

"Ko ta matar fasto, Oga. Tun shekarun tashin bama-bamai muka kafa dokar, har yau ba mu sassauta ba. Kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a teburin nan ba."

"Wa ke tsaron teburin idan an fara sujada?"

"Ni da kaina. Ba na ɗaga ƙafa daga nan sai an tashi."

Aka kira Elnathan ciki. Sufeto ya matsa kusa da wani mai tsaron, wani kakkauran mutum da aka kira Kingsley, ya yaba masa yadda suka tsara wurin, sannan ya tambaya kamar abin bai dame shi ba, "Bayan cocin fa, ta wajen duwatsu? Wa ke dubawa?"

"Shugaba ne, Oga. Ranar Lahadi da an fara wa'azi sai ya tura mu mu tsaya a bakin titi, shi kuma ya hau babur ya zagaya. Mutum ne mai ƙoƙari, wani lokaci har wa'azi ya kusa ƙarewa bai dawo ba."

Washegari Sufeto ya sami Kaneng a ofishinta a sakatariya, ya roƙi abokiyar aikinta ta ba su wuri.

"Madam, kin ce ba kya rabuwa da mukullanki. A cikin coci, jakar tana hannunki?"

"Tana bakin ƙofa mana, wajen masu…" Ta tsaya.

"Ban ce ƙarya kika yi ba. Abin da mutum ya saba yi kowane mako, ba ya lissafa shi."

"A'a, Yallaɓai. A'a." Ta girgiza kai da ƙarfi. "Baban Sophia ne ya ɗauki akwatin gawar mijina. Duk ranar da abin ya faru shi nake fara kira, kuma kafin in ajiye waya ya iso."

"Ya taɓa neman aurenki?"

"Bayan matarsa ta rasu. Na ce masa ni matar Bot ce har yanzu, a gidan Bot zan tsufa. Ya yi dariya ya ce ba komai, ya fahimta."

"Ba ni da hujjar da zan kai kotu, Madam. Inna ba ta ga fuska ba, kuma kowa na iya riƙe irin na'urar nan. Ina so ki kira shi ki ce kin fasa tashi, 'yan sanda sun yi alkawarin kula da ke. Ranar Lahadi ki kulle mu a cikin gidan, ki tafi coci, ki ajiye jakarki inda kika saba."

"Inna ta ga wani?"

"Ta gani tun tuni. Ta ɗauka manemi ne, ta yi shiru don ta rufa miki asiri. Har ɗanta ya kwana a sel ba ta faɗa a gabanki ba."

Kaneng ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe, sai ta ce, "In kun yi kuskure fa? In ba shi ba ne, na rasa maƙwabta, na rasa ɗan'uwa, kuma mai wuƙar yana nan."

"In ba shi ba ne, ni zan tsaya a ƙofarki duk Lahadi har mu kama ko wane ne. Da tun farko aka saurare ki, da ba mu kai nan ba. Wannan laifinmu ne."

Ta ɗauki waya. Ta kira shi.

Ranar Lahadi tun da sassafe Sufeto ya shiga gidan cikin farin kaya, Saje Abdulkahar na biye da shi. Da gangan ya zaɓo shi. "Kai ka ce aljanu ne," in ji shi, "to zo ka gaisa da su."

Kaneng ta yi wa Hephzibah kwalliyar coci, ita ma ta ɗaura zanin zumuntar matan coci. A bakin ƙofa ta juyo ta dube su, sannan ta fita. Suka ji ƙarar kwaɗo ta waje, sannan takunsu ya yi nisa.

Sufeto ya zauna a bayan labulen ɗakin yarinyar, Saje ya laɓe a kicin. Gidan ya yi tsit. Rana ta ɗaga, kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi, gumi ya jiƙe wa Sufeto baya. Mai kalanzir ya wuce yana talla. Wani babur ya shigo lungun, Sufeto ya miƙe tsaye, babur ɗin ya wuce. Ya koma ya zauna.

A zaunen nan ne ya fahimci abin da matar take nufi. Ga shi namiji, da bindiga a ƙugu, da rana tsaka, amma ko ƙadangare ya motsa a kan kwano sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ita kuwa a nan take kwana da yarinya.

Ya fara tunanin ko mutumin ya gane tarko ne. Sai ya ji kwaɗo ya yi ƙas.

Ƙofar gida ta buɗe a hankali, ta rufe. Taku a tsakar gida, ba gaggawa. Mukulli ya juya a ƙofar falo. Takun ya wuce kicin, ya nufo ɗakin yarinyar kai tsaye, irin na wanda ya san gidan.

Mutumin ya shigo da takunkumi da hula, da baƙar leda a hannu. Ya ciro farin yadi sabo, irin wanda ake yin likkafani da shi, ya shimfiɗa a kan ƙaramin gadon, ya gyara gefe da gefe. Ya koma cikin ledar ya ciro rigar makarantar Hephzibah da ya ɗauko daga igiyar shanya, ya kwantar da ita a tsakiyar yadin, ya fara naɗewa.

"Malam Elnathan," in ji Sufeto, "wa'azin bai ƙare ba?"

Mutumin ya zabura ya yi ƙofa, ya yi karo da ƙirjin Saje. Suka zube tare a falo, na'urar binciken ƙarfe ta fita daga wandonsa ta yi gefe tana ƙara. Kafin ya yunƙura ankwa ta shiga hannunsa. Sufeto ya janye takunkumin, ya zaro tarin mukullai daga aljihun rigarsa, da ɗan kifin roba na Hephzibah a jikin zoben.

"Oga, dubawa na zo yi. Ta ce min tana jin tsoro, na ce bari in leƙa gidan."

"Da likkafani ake leƙa gida a garinku?"



Sufeto ya kira Kingsley a waya ya ce a fito da Madam Kaneng, a bar yarinyar wajen matar fasto. Kafin ta iso, lungun ya cika. Maza sun tsaya cirko-cirko, mata na leƙe ta soraye. Sufeto ya sa Saje ya tsare ƙofa, don ya ga wasu matasa sun fara ɗaure fuska da suka ji abin da aka so a liƙa wa unguwarsu.

Kaneng ta shigo ba jaka, har takalmi ɗaya ta bari a cikin adaidaita. Ta dubi Elnathan a durƙushe a falonta. Ta wuce ɗakin 'yarta, ta ga abin da ke kan gado. Ta fito ta tsaya a gabansa.

"Baban Sophia," ta ce. "Hephzibah fa. Kai ka riƙe ta ranar baftisma."

"Ba zan taɓa ta ba, Allah ya sani." Hawaye ya zubo masa. "Ko wuƙar nan, filo kawai na yanka. So nake ki fito daga gidan nan, Kaneng. Muddin kina cikinsa, Bot bai mutu ba. Na ce in kika zo kusa da ni, kika ga yadda zan riƙe ku, wata rana za ki sauko."

"Ka ce min maƙwabtana ne."

"To wa zan ce? Su ne kusa. Kuma na san za ki yarda."

"Yaya kake yi da mukullin?" in ji Sufeto, yana rubutawa.

"In an fara wa'azi in tura yara bakin titi, in ciro daga jakarta. Kafin a yi addu'ar rufewa na mayar."

"Hoton fa?"

Elnathan ya kalli ƙasa. "Na ƙona shi a bayan duwatsu. Duk shigowata sai in ga yana kallona."

Kaneng ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. "Shi kaɗai ne hotonsa mai kyau da muke da shi," ta ce. "Yarinyar da shi take tuna fuskar ubanta."

Sufeto ya ɗaga Elnathan tsaye. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa jama'a magana, ya ce mai laifi mutum ɗaya ne, ga shi a hannu, ba coci ba ce ta aiko shi, kuma duk wanda ya ɗaga dutse zai kwana tare da shi. Aka buɗe hanya. Saje ya tura shi cikin motar ofis da suka kira, sannan ya dawo ya tsaya a gaban Kaneng yana murza hula a hannu.

"Madam, ki yi haƙuri. Ban ɗauka abin ya kai haka ba."

"Ai ba sai ya kai haka ba, Saje," in ji ta. "Tsoron ma ya isa a saurari mutum."

Motar ta tafi da Elnathan. Jama'a suka fara watsewa. Sufeto ya tsaya rubuta sunayen shaidu, yana kallonta ta gefen ido. Tana tsaye a tsakar gida cikin katan-katan.

"Maganar tashi fa, Madam?"

"Gidan ba shi ya kore ni ba, Yallaɓai. Amma da wane ido zan zauna a lungun nan? Na sa an kulle ɗan matar da ta yi min wankan jego."

Sufeto ya ci gaba da rubutunsa, don wannan ba aikin ɗan sanda ba ne. Ta cire ɗaya takalmin, ta fita ƙafa ba komai, ta tsallaka lungun. Sagiru na zaune a dakalin ƙofarsu. Da ya gan ta sai ya miƙe ya shige ciki.

Ta tsaya a bakin soro ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi, muryarta ta karye a tsakiya. Mutanen da suka rage a lungun duk suka daina abin da suke yi. Sufeto ma ya ɗaga biro daga takarda.

Can sai muryar Inna Lauratu ta fito daga cikin gida, a gajiye.

"Maman Zibba, yaushe kika koma tsayawa a soro kamar baƙuwa? Shigo. Faɗan da zan yi miki ba na bakin ƙofa ba ne."

Kaneng ta share fuska da bakin zaninta, ta shiga.